Ƙwallon unguwa: Idan yaro ya yanke jiki ya faɗi, me koci ya iya?

Wata Asabar bayan La'asar na tsaya kallon wasan yara a filin wata makarantar firamare da ke unguwarmu. 'Yan ƙasa da shekara 15 ne, ko kuma dai haka aka ce. Ana cikin zagaye na biyu, yara biyu suka yi tsalle za su sa wa ƙwallo kai, sai kawunansu suka gwaru. Ɗaya ya miƙe yana dafe da goshi. Ɗayan ya kwanta shiru.

Kafin ka ce kwabo, mutum ya fi talatin a kansa. Wani ya fasa ledar fiya wata ya tsiyaya masa a fuska. Wani ya kama ƙafafunsa ya ɗaga sama yana girgizawa. Wani dattijo na ta kiran a kawo cokali kada ya haɗiye harshensa. Can sai yaron ya buɗe ido, aka miƙar da shi tsaye yana tangaɗi. Kocinsu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaya dai, za ka iya?" Yaron ya ce, "Zan iya, Koci." An ci su ɗaya, kuma shi ne ɗan gabansu. Haka ya koma fili.

Da aka tashi na je na gaida kocin, matashi ne da bai wuce shekara 28 ba. Na tambaye shi ko an taɓa koya masa abin da ake yi idan yaro ya suma. Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi Yaya, ni ƙwallo na buga, ita na iya. Wannan kam sai dai Allah Ya kiyaye."

Ban ga baƙinsa ba. Na san irin waɗannan kociyoyin. Ba albashi suke karɓa ba. Da kuɗin aljihunsu suke sayen ƙwallo da usur, su ne ke bin yara har gida idan sun fara fashin atisaye, kuma da yawa daga cikin yaran nan ba don su ba da suna can wurin shaye-shaye ko daba. Amma duk wanda ya tara 'ya'yan mutane talatin a fili ya ce su yi gudu a rana, ya ɗauki amana, ko ya sani ko bai sani ba. Tsakanin faɗuwar yaro da isarsa asibiti akwai wasu mintoci da babu likita, babu uwa, babu uba. Koci ne babba a wurin. A ganina wanda bai san abin da zai yi a cikin waɗannan mintocin ba bai gama zama koci ba, ko da kofunan da ya ciyo sun cika kabad.

Zuciyar da ta tsaya

Mun daɗe muna ganin wannan abu a idon duniya. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, ana wasan neman gurbin Kofin Duniya da Angola, bai sake tashi ba. A watan Yunin 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa, babu wanda ya taɓa shi, ana wasa da Kolombiya. A Maris na 2010 ɗan Najeriya Endurance Idahor ya rasu yana buga wa Al-Merrikh ta Sudan. Sai kuma 8 ga Maris, 2020, a Lafiya, inda Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ana wasa da Katsina United. Rahotanni sun nuna cewa motar asibitin da aka ajiye a filin ta ƙi tashi. Wannan fa gasar ƙwararru ce ta ƙasa, ba ta unguwa ba.

To ga ɗaya ɓangaren. A Maris na 2012 Fabrice Muamba na Bolton ya faɗi a filin Tottenham. Zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, kuma har yau yana raye. Ranar 12 ga Yuni, 2021, miliyoyin mutane sun ga yadda Christian Eriksen na Denmak ya kife a Kofanhagen. Cikin ɗan lokaci aka fara danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar da ke farfaɗo da zuciya da lantarki. Bayan wata takwas ya dawo fili da rigar Brentford.

Za a ce kwana ne, wanda nasa ya ƙare babu makawa. Haka ne, mun yi imani da wannan. Amma malamanmu ba su taɓa cewa imani da ƙaddara ya hana neman magani ba. Abin da ya rage gare mu shi ne sababi, kuma sababin da aka yi wa Muamba da Eriksen ya fara ne da hannu biyu a kan ƙirji, abin da kowane koci yake da shi.

Ga ƙa'idar da likitocin wasanni suka tsaya a kai: duk ɗan wasan da ya faɗi babu wanda ya taɓa shi, kuma ba ya amsawa, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar ba haka ba ne. Haka ma wanda ƙwallo mai ƙarfi ta buga a ƙirji ya zube. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, a minti na farko jikinsa na iya yin fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, idonsa a buɗe, yana jan wani irin numfashi na kakari jefi-jefi. Sai a ce ai yana numfashi, ko a ce iska ce ta taɓa shi a nemo mai ruƙiya. Wannan kakarin ba numfashi ba ne. Ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan kamar minti huɗu zuwa shida babu jini, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100.

Abin yi ba shi da wuyar koyo. Ka durƙusa, ka bubbuga kafaɗarsa ka kira sunansa. Ka dubi ƙirjinsa na daƙiƙa goma, kada ka wuce haka. Idan bai amsa ba kuma numfashin ba na lafiya ba ne, ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai, kira 112, kai kuma kawo mota. Idan ka ce "wani ya kira", babu wanda zai kira. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ka ɗora ɗaya hannun a kai, ka miƙar da hannuwanka, ka riƙa dannawa da nauyin jikinka. Zurfin ya kai santimita 5 zuwa 6 ga saurayi, ga ƙaramin yaro kuma kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa, wanda hannu ɗaya ma kan isa. Saurin kuwa sau 100 zuwa 120 a minti, wato kamar sau biyu a kowace daƙiƙa. Wanda aka koya wa hura iska a baki sai ya yi danna 30, huri biyu. Wanda ba a koya wa ba ya ci gaba da dannawa kawai. Aiki ne mai gajiyarwa, don haka a riƙa karɓa-karɓa duk bayan minti biyu. Haƙarƙari na iya karyewa. Kada ka tsaya, ƙashi yana warkewa.

Gaskiyar magana, danna ƙirji kaɗai ba kasafai yake tayar da zuciya ba. Aikinsa shi ne tura jini zuwa ƙwaƙwalwa kafin a samu waccan na'ura ta lantarki, wadda ba ta fi ƙaramar jaka ba, kuma ita da kanta take faɗa wa mutum abin da zai yi. Tana da tsada, ban ce kocin unguwa ya saya ba. Amma abin kunya ne a ce akwai filin wasa na jiha da ba shi da ita. Kuma wannan ne ya sa jefa yaro a bayan A Daidaita Sahu a zaune, ba mai danna masa ƙirji, ana kutsawa cikin cunkoso na minti 20, kusan daidai yake da barinsa. A samu motar da zai kwanta a miƙe, a ci gaba da dannawa har ƙofar asibiti.

Maganar cokali kuwa, don Allah mu bar ta. Mutum ba ya haɗiye harshensa, a ɗaure yake a ƙasan baki. Abin da kan faru shi ne harshen ya saki ya koma baya ya rufe hanyar iska, kuma maganin wannan shi ne a ɗan ɗaga haɓa. Cusa cokali ko yatsa na karya haƙora, yana jawo amai, yana kuma cinye mintocin da ya kamata a yi amfani da su a ƙirji. Wanda ya suma amma yana numfashi daidai, a juya shi ya kwanta a gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, huhunsa za su tafi.

Na san akwai tsoro. Mutane na gudun taɓa wanda ya faɗi kada ya cika a hannunsu a ce su ne. Tsoron ba na banza ba ne a ƙasar nan. Shi ya sa takardar shaidar horo take da amfani ga koci, kuma shi ya sa ya kamata ya san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Rana, sikila da zazzaɓi

Littattafan horarwa da ake kawowa daga Turai ba su san Afrilun Sakkwato ko na Maiduguri ko na Yamai ba, inda zafi ke haura digiri 40. A Kofin Duniya na 2014 a Burazil sai da aka tsayar da wasa don ƙwararru su sha ruwa su huce. Amma mu a nan har yanzu akwai kocin da ke ganin hana yara ruwa shi ne koya musu juriya. Wannan ba horo ba ne, ganganci ne. Yaro ya sha ruwa kafin ya fara, ya sha duk bayan minti 15 zuwa 20, kuma a watannin bazara a mayar da atisaye sassafe ko dab da Magariba. Haka a watan azumi: yaron da ya wuni bai sha komai ba, ba shi ne za a sa zagaye fili goma da ƙarfe huɗu ba.

Alamar da ta fi tsoratarwa a zafi ita ce ruɗewa. Yaro ya fara magana ba kan gado, ko faɗa babu dalili, ko tafiya yana harɗewa, jikinsa kamar garwashi. Ko yana zufa ko ba ya yi, zafi ya fara taɓa ƙwaƙwalwarsa. A nan sanyaya jiki ya riga asibiti. A kai shi inuwa, a cire masa riga da but da safa, a yi ta kwarara masa ruwa a duk jiki ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Idan akwai baho ko randa babba, a tsoma shi zuwa ƙirji ana riƙe da kansa. Sannan a tafi. Farasitamol ba ya maganin wannan. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da sukari, ko da yana azumi.

Akwai wani abu namu da ba a cika magana a kai ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin jini na AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya zama babban ɗan wasa, kada wani ya kore shi daga ƙungiya. Amma idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa, babu hutu, jininsa na iya rikicewa. Ba ya faɗuwa lokaci guda. Ƙafafunsa ne ke mutuwa, ya durƙushe yana haki, yana cewa ba zai iya ba. A Amurka an yi asarar ɗalibai 'yan wasa ta wannan hanya, har hukumar wasannin jami'o'insu ta fara neman gwajin daga 2010. A nan kuwa irin wannan yaron shi ake ce wa rago, a ƙara masa zagaye biyu.

Saboda haka koci ya mallaki littafi ɗaya, irin na 'yan makaranta. Sunan kowane yaro, lambar wayar mutum biyu daga gidansu, rukunin jininsa, ko yana da asma ko farfaɗiya. Ya tambayi iyaye, ba yaron ba: ya taɓa suma yana gudu? Yana kukan ciwon ƙirji? An taɓa samun matashi a danginku da ya rasu farat ɗaya babu jinya? Idan amsar ɗaya ta zama e, likita ya fara ganinsa. Yaron da ke zazzaɓi kuma, ko wanda bai gama shan maganin maleriya ba, ya zauna a benci ko da wasan ƙarshe ne.

Buguwar kai

Mu koma kan yaron da na fara da shi. Kuskuren farko shi ne ɗaga shi. Wanda ya bugu a kai ya suma, ana ɗauka wuyansa ma ya taɓu. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saitin kansa ya riƙe shi da hannu biyu kada ya motsa. Kama ƙafafu a girgiza, ko ciccibar yaro mutum huɗu kansa na lilo, na iya mayar da ƙaramar tsagewar ƙashin wuya ta zama shanyewar jiki ta har abada.

Kuskure na biyu shi ne tambayarsa ko zai iya. Wane yaro ne zai ce wa kocinsa ba zai iya ba, abokansa na kallo? Ballantana wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ba shi da hankalin yanke wannan hukunci. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a kai, ya ci gaba da wasa fiye da minti goma. Alƙalin wasan ya ce daga baya Kramer ya zo yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Idan babban ɗan wasa bai san inda yake ba, ina ga ɗan shekara 13?

Yawancin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa ma suma. Sai dai jiri, ciwon kai, gani dishi-dishi, ko yaro ya kasa faɗin wa suke bugawa da su da kuma wa ya ci. Duk wanda aka yi wa shakka ya fita, kuma ba ya komawa a ranar. Bugu na biyu kafin na farko ya warke na iya kumbura ƙwaƙwalwar yaro, kuma ya fi haɗari ga yara a kan manya. A Birtaniya ƙa'idar wasannin unguwa da makarantu ita ce kada ya sake buga gasa kafin kwana 21. Idan kuwa ana ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na rinjayarsa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko hannu ko ƙafa ya yi sanyi, asibiti nan take. Amurka ma tun 2015 ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai. Mu da ƙwallonmu kan yi tauri kamar dutse saboda faci da iska fiye da kima, ya kamata mu yi tunani.

Karaya, targaɗe da ɗori

A nan ne na san wasu za su ji haushina. Da yaro ya faɗi yana riƙe da ƙafa, sai wani ya zo ya ja ta da ƙarfi wai zai mayar da ita. Daga nan sai gidan mai ɗori. Ba na raina masu ɗori, sana'a ce ta gado kuma mutane da yawa sun warke a hannunsu. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin ƙashi. Ƙashin yaro yana da wani wuri mai laushi kusa da gaɓa, ta nan yake tsawo. Abin da ake ce wa targaɗe a idon sawun ɗan shekara 12 sau da yawa karaya ce a wannan wurin, kuma idan ta haɗe a karkace ƙafar na iya tasowa gajeriya ko a lanƙwashe. Mafi muni shi ne ɗaurin da aka tamke a kan gaɓar da ke kumbura. Jini ya daina wucewa, yatsu su yi baƙi, a zo asibiti bayan kwana biyar babu abin da ya rage sai yankewa. Likitocin ƙashi, har da na Dala a Kano, sun daɗe suna kuka da wannan.

Aikin koci kaɗan ne. Kada ya ja, kada ya murza. Idan gaɓa ta canza siffa, ko yaro ba ya iya taka ƙafar taku huɗu, ko yana jin zafi idan an taɓa kan ƙashin, a tallafe ta yadda take da kwali ko katako da aka naɗe da tsumma, a ɗaure sama da ƙasa ba tamau ba, a duba yatsu ko suna da ɗumi, a tafi a ɗauki hoto. Idan ƙashi ya huda fata, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a tura shi ciki. Ga targaɗe na gaske, a sa ƙanƙarar leda da aka naɗe a tsumma na minti 15 zuwa 20, a naɗa bandeji, a ɗaga ƙafar. Gashi da ruwan zafi da man zafi a ranar farko ƙara kumburi suke yi.

Ban so na yi maganar tiramol ba, amma kowa ya san ana ba yara kafin wasa ko bayan sun ji ciwo don su iya ƙarasawa. Tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Yana sa jijjiga, yana kama mutum. Kocin da ya miƙa wa yaro wannan ƙwaya, wurinsa ba fili ba ne.

Ƙananan raunuka ma kada a raina su, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Filayenmu da rana na dabbobi ne, da dare na masu zubar da shara. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da muƙamuƙi, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Amma har gobe za ka ga an barbaɗa wa rauni ƙasa don jini ya tsaya, ko a zuba fetur ko man birki. A wanke da fiya wata da sabulu sosai har ƙasar ta fita, a danne da ƙyalle mai tsabta har jinin ya tsaya, a rufe. Idan ƙusa ce ko kwalba ko raunin ya yi zurfi, a je a yi allura. Haɓo kuwa, wanda ke yawa da hunturu, a sunkuyar da kai gaba, ba baya ba, a matse hanci minti goma.

Abin da ba ya cin ko sisi

Minti biyar kafin atisaye, yara su jeru su ratsa fili suna tsince kwalba da ƙusa da dutse. A girgiza turakun raga a ga ko sun kafu. Idan aka ji tsawa da damina a watse, kuma ba ƙarƙashin bishiya ba.

Sai ɗumama jiki. Yawanci abin da muke yi shi ne zagaye biyu da ɗan miƙe ƙafa. Akwai wani tsari na minti 20 da FIFA ta fitar mai suna 11+, kyauta yake a intanet har da bidiyo. Ba ya buƙatar kayan aiki. Gudu ne a hankali, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa wa juna ƙwallo, sai yaro ya durƙusa abokinsa ya riƙe masa idon sawu ya riƙa sunkuyawa gaba sannu a hankali don ƙarfafa bayan cinya, sai koyon dira daga tsalle ba tare da gwiwa ta faɗa ciki ba. Kada a ce abin Turawa ne. An gwada shi a Legas a kan ƙungiyoyin matasa 20, yara sama da 400, aka wallafa sakamakon a 2014: waɗanda suka bi tsarin sun samu raguwar raunuka da kashi 41 cikin 100. Sau biyu a mako ake so. Kocin da ke da waya da data ba shi da uzuri.

Akwai kuma rigakafin da ya fi kowanne, wato gaskiya a kan shekaru. Muna ɗaukar satar shekaru a matsayin wayo. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin ƙashi dab da wasa da Nijar, aka yi ta dariya. A unguwa abin ba na dariya ba ne. Idan ka sa ɗan shekara 19 mai gemun da aka aske da safe cikin 'yan 13, ba kofi kaɗai ka sata ba. Ƙwaurin wani yaro ne zai biya.

Wa zai biya?

Kowace kakar siyasa ana sa kofuna. Kofin kansila, kofin ciyaman, kofin ɗan majalisa. Ana buga riguna da hoton mai gida, a kawo makaɗa da rumfa da kujeru. Ban taɓa zuwa irin wannan gasa na ga an tanadi ko ma'aikacin lafiya ɗaya a bakin fili ba, sai fa ranar wasan ƙarshe idan manya za su zo. Akwatin da ke ɗauke da safar hannu, bandeji, auduga, filasta, almakashi, sabulu, gishiri da sukari na leda da kular ƙanƙara bai kai kuɗin riguna saiti ɗaya ba.

Masu koyarwa ma ba nisa suke ba. Ƙungiyar Red Cross na da rassa a jihohi kuma tana ba da wannan horo. Muna da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini a kusan kowace unguwa, muna da ɗaliban makarantun jinya da na kiwon lafiya. Wuni ɗaya ya isa a koya wa kociyoyin ƙaramar hukuma guda danna ƙirji a jikin mutum-mutumi, domin karanta shi a waya kamar yadda kake yi yanzu bai kai ka gwada da hannunka ba. Hukumomin ƙwallo na jihohi su sa sharaɗi: ba a yi wa ƙungiya rajistar gasa sai kocinta ya nuna shaidar horon, a kuma sabunta duk shekara biyu. Wanda zai sa kofi, a ce masa kuɗin akwati da motar da za ta tsaya a bakin fili na cikin lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyaye kuma, mu daina sallama yara da "a dawo lafiya" kawai. Ka taka ka je filin sau ɗaya. Ka ba kocin lambarka. Ka tambaye shi wane asibiti ne mafi kusa da ke buɗe da yamma, kuma wace mota zai hau. Idan ya yi shiru, kada ka ci masa mutunci, ku haɗu ku nemo amsar.

Bayan kamar mako uku na sake haɗuwa da kocin nan a bakin masallaci, na tambaye shi labarin ɗan gabansu. Ya ce yaron ya yi kwana goma bai zo fili ba. Da ya bi shi gida, mahaifiyar ta ce masa, "Ai Malam, ba shi da lafiya ne. Ciwon kai da amai, ko makaranta bai je ba. Mun yi ta sayen maganin taifot a kemis." Ba ta san ya bugu ba. Yaron ya ɓoye don kada a hana shi ƙwallo, abokansa ba su faɗa ba, shi kuma kocin a ranar ba shi da lambar kowa a gidan.